Tambaya: Me ya sa babbar mota ke da giya har 16, kuma me lambobin da ke jikin jadawalin giya suke nufi?

Mai Koyon Tirela ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga malamai da manyanmu da suka daɗe a harkar manyan motoci. Na shafe shekaru ina tuƙa ƙaramar mota mai giya biyar, kuma ban taɓa damuwa da abin da ke faruwa a cikin giyabos ba, domin da zarar kunne ya ji ƙarar inji ta yi sama, hannu da kansa yake kai wa giya ta gaba. A watannin nan na fara koyon tirela, sai na tarar da sandar giya mai maɓalli biyu, ɗaya a gabanta ɗaya a gefenta, aka kuma ce mini giyoyin gaba 16 ne, alhali guraben da sandar ke shiga huɗu ne kacal idan aka cire ribas.

Maigidana da ke koya mini gwani ne a kan sitiyari, amma duk lokacin da na tambaye shi dalilin wani abu sai ya ce in bari hannu zai saba. Da na ɗauko littafin motar, na ga jadawali an rubuta 16.41 a gaban giya ta farko, lambobin suna ta raguwa har aka rubuta 1.00 a gaban ta ƙarshe. Ina so in san abin da waɗannan lambobi ke nufi. Ina kuma so in san dalilin da ya sa injin da ya fi na ƙaramar mota ƙarfi nesa ba kusa ba yake buƙatar giyoyi masu yawa haka, tunda a tunanina mai ƙarfi ne ya kamata ya wadatu da kaɗan. Shin ƙaramar giya tana ƙara wa inji ƙarfi ne da gaske, kamar yadda nake jin ana faɗa? Sannan me ya sa maigidan nawa yake tsallake giya biyu ko uku idan motar ba ta da kaya, amma ranar da na tashi da lodi a giya ta uku ya yi mini faɗa sosai? Allah ya saka da alheri.

Malamin Kanikanci ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayoyinka da yawa ne, amma duk amsarsu tana komawa ga abu guda: giyabos ba ya ƙara wa inji komai, musanya kawai yake yi, ya karɓi gudu ya bayar da ƙarfin ja, ko ya karɓi ƙarfin ja ya bayar da gudu. Duk wanda ya taɓa kwance notin tayar babbar mota ya san wannan musanyar a jikinsa. Idan notin ya ƙi motsi sai a zura dogon bututu a hannun sifana, notin ya kwance ba tare da mutum ya ƙara ƙarfin damtse ba, sai dai hannun nasa zai yi doguwar tafiya kafin notin ya ɗan juya. Ƙaramar giya ita ce wannan dogon bututun.

Lambar da ka gani a jadawali ita ake kira rashiyo, kuma ma'anarta ita ce yawan juyin da inji zai yi kafin shaf ɗin da ke fita daga giyabos zuwa farfela, wato doguwar sandar ƙarfe mai kai juyi ga aksul na baya, ya yi juyi ɗaya. A giya ta farko inji zai juya sau 16.41 kafin farfela ta juya sau ɗaya, a ta ƙarshe kuwa tare suke juyawa. Tushen lissafin ƙidayar haƙora ce. Idan faifan giya mai haƙora 15 yana juya wani mai haƙora 45, dole ƙaramin ya kewaya sau uku kafin babban ya kewaya sau ɗaya, kuma ƙarfin murɗawar da zai fito daga babban zai ninka wanda ya shiga sau uku. A cikin giyabos ƙarfin yana bin mataki biyu ne: yana sauka daga shaf na shiga zuwa shaf na ƙasa, sannan ya hau daga shaf na ƙasa zuwa babban shaf. Idan matakin farko haƙora 20 ne ke juya 40, na biyu kuma 15 ne ke juya 45, sai a ninka 2 sau 3 a sami 6. Ninkawa ake yi, ba tarawa ba, kuma a nan ne ɗalibai da yawa suke tuntuɓe. Ka kuma sani cewa fayafayan nan kullum haƙoransu a haɗe suke suna juyawa tare. Abin da sandar giya ke turawa wani zobe ne da ke kulle faifan da aka zaɓa a jikin babban shaf, sauran kuma su ci gaba da juyin banza. A giyar da aka rubuta 1.00, shaf na shiga ne ake kullewa da na fita kai tsaye, ƙarfin ya wuce ba tare da ya ratsa haƙora ba.

Sai dai lambar giyabos ita kaɗai ba ta gaya maka gudun mota, domin akwai wani ragin a aksul na baya, akwai kuma girman taya. Mu ɗauka rashiyon aksul ɗinka 3.08 ne, tayar kuma irin wadda aka fi sa wa tirela ce, mai cin kimanin mita 3.3 a kowane juyi. Idan inji yana juyi 1,400 a minti ɗaya a giya ta ƙarshe, taya za ta juya kusan sau 455, wato mita 1,500 a minti, wanda ya zama kilomita 90 a awa. A giya ta farko kuwa sai ka ninka 16.41 da 3.08 ka sami kimanin 50.5, taya ta juya ƙasa da sau 28 a minti, motar ta yi tafiyar kilomita 5.5 a awa, kamar mutum mai sauri da ƙafa. Injin bai canja komai ba a tsakanin biyun.

Yanzu dubi abin da ka samu a madadin gudun da ka rasa. Injin tirela mai lita 12 ko 13 yana iya ba da ƙarfin murɗawa na niwton-mita 2,000 ko fiye. Mu tsaya a kan 2,000. A giya ta ƙarshe, abin da zai isa inda taya ke taɓa ƙasa ƙarfin ja ne da ya yi daidai da nauyin tan 1.2, kafin a cire ɗan abin da gogayyar ƙarafa ke ci. A giya ta farko ya haura tan 19 a lissafi, ko da yake taya za ta fara sulɓi kafin a iya amfani da shi duka. To, mota mai nauyin tan 40 idan ta fuskanci hawan da ke tashi mita 10 a kowace mita 100, nauyinta yana jan ta baya da kimanin kashi ɗaya cikin goma nasa, wato tan 4. Ka ga giya ta ƙarshe ba ta da abin cewa a nan. Ko giya mai 3.59, wadda ke ba da kusan tan 4.3 a takarda, za ta gaza idan aka cire gogayya da nauyin jan taya. Sai an sauko zuwa mai 4.57 za a hau, kuma a gudun da bai wuce kilomita 20 a awa ba. Wannan ne ya sa kake ganin tirela tana jan ciki a kan tudu, ba don injin ya gaji ba.

Batun yawan giyoyi kuwa, dalilinsa yana cikin halin injin dizal babba. Injin ƙaramar motar fetur yana aiki daga juyi 1,000 har zuwa kusan 6,000, saboda haka giya ɗaya tana iya ɗaukar mota daga tafiyar hawainiya zuwa gudu mai yawa. Babban injin dizal kuwa mafi ƙarfin murɗawarsa yana tsakanin juyi 1,000 da 1,400 ko 1,500, kuma gwamna, wato na'urar da ke kayyade juyin inji, tana tsayar da shi a wajajen 1,800 zuwa 2,100. Filin aikinsa ƙunci gare shi, ga shi kuma ana so ya tayar da tan 40 daga tsaye ya kai shi kilomita 90 a awa. Da a ce giya 6 aka raba tsakanin 16.41 da 1.00, da tazarar kowace giya da ta gaba za ta kai ninki 1.75, wanda ke nufin ko ka kai inji 1,800 kafin ka canja, zai faɗo kusa da 1,000, kuma a kan hawa motar za ta ƙara rasa gudu a ɗan lokacin da kuloci yake take, injin ya faɗi ƙasa da inda yake da ƙarfi. Da giya 16 tazarar kusan kashi 20 cikin 100 ce, ka canja a 1,600 ka sauka a wajajen 1,340.

Guraben sanda huɗu da kake gani gaskiya ne, domin giyabos uku ne aka jera a cikin kwanso ɗaya. A tsakiya akwai babban sashe mai giya huɗu. A gabansa akwai sifilita, wadda direbobi ke kira rabin giya, mai raba kowace giya gida biyu da bambancin kusan kashi 19 cikin 100. Ita ce maɓallin gefe. A bayansa akwai sashen lo da hai, wanda a wasu motocin ake yi masa alamar kunkuru da zomo. Shi ne maɓallin gaba. Huɗu sau biyu sau biyu ya ba ka 16. Lambobin da ka kawo sun yi daidai da na giyabos ɗin kamfanin ZF mai suna Ecosplit, kuma a cikinsa sashen lo yana rage juyi da 4.57. Raba 16.41 da 4.57 za ka sami 3.59, wato gurbin sanda na farko ne ya dawo a matsayin na biyar bayan an cire ragin lo. Volvo da Scania sun yi nasu da giya uku a tsakiya, ya zama 12, sannan suka ƙara giyar rarrafe a ƙasa.

Tsohon Direba ya amsa:

Malam ya gama magana a kan lissafi, Allah ya ƙara basira. Ni abin da zan ƙara maka, ƙanena, shi ne yadda lissafin nan yake bayyana a ƙafa da hannu, domin na yi shekaru ina aiki da shi kafin in san sunansa.

Maigidanka yana da gaskiya a duka biyun, kuma babu saɓani a tsakaninsu. Giyoyi 16 ba an sa su ne don a bi su ɗaya bayan ɗaya kamar matakalar bene ba, an sa su ne don a sami wadda ta dace da kowane hali. Kan tirela da babu bodi ko bodin da babu kaya ba ya buƙatar ƙarfin ja mai yawa, saboda haka direba yana iya tashi a giya ta biyu ko ta uku, ya yi tsalle ya shiga hai cikin ɗan lokaci, kuma yin hakan ya fi sauƙin mai da sauƙin wahalar kuloci. Hatta da lodi, a sashen lo yawanci cikakkiyar giya ake canjawa, domin motar tana cinye kowace giya cikin daƙiƙa kaɗan, rabin giya kuma a wurin ɓata lokaci ne kawai. Inda rabin giya take da daraja shi ne a sama, lokacin da kake tafiya da gudu ka haɗu da ɗan tudun da bai kai a sauke cikakkiyar giya ba, amma allurar juyin inji ta fara sauka daga koren layi. Ka danna maɓallin tun da wuri, ka taka kuloci har ƙasa, ka saki, sai ka ji injin ya dawo da muryarsa ba tare da hannunka ya motsa sanda ba.

Tashi da lodi a babbar giya kuwa kuloci ne ke biyan kuɗinsa. Ina yaro a sana'ar na taɓa tsayawa a tsakiyar hawa da cikakken kaya, kuma saboda kunyar kada na baya su ce ban iya ba, sai na ƙi komawa giya ta farko, na riƙe kuloci a rabi ina ba ta wuta. Motar ta yi ta karkarwa kamar mai zazzaɓi, ta motsa daga ƙarshe, amma kafin in kai kan tudun warin ƙonewa ya cika ɗakin direba, kuma bayan kwana kaɗan kulocin ya fara sulɓi ko a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Maigidana na lokacin bai ce mini komai ba, ya dai sa na tsaya a kan bakanike har aka sauke giyabos, aka miƙo mini faifan kulocin in riƙe, ya yi baƙi ya yi santsi kamar an goge shi. Giyar tashi ta gaskiya ita ce wadda motar za ta motsa da ita kana sakin kuloci a hankali ba tare da ka taɓa totur ba.

A kan hawa, ka canja kafin motar ta roƙe ka. Idan ka jira har injin ya fara shaƙewa, to a ɗan lokacin da za ka taka kuloci nauyi zai ƙwace maka gudu, giyar da ka nufa ta zama ta yi maka girma kafin ka shige ta, sai ka shiga neman ta ƙasa da ita cikin gaggawa. Gara ka sauke giya da rabi a lokaci ɗaya tun a gindin tudu da ka yi ta canji uku a tsakiyarsa.

Idan kuma wata rana ka hau motar Amurka mai giyabos na Eaton Fuller, za ka koyi rashiyo ko ba ka so, domin babban sashensa ba shi da zoben sinkiro da ke daidaita gudun fayafayai kafin su kulle. Direba ne ke yin wannan aikin da ƙafarsa. Ka taka kuloci ka fito firi, ka saki, ka jira juyin inji ya sauka daidai da tazarar giya ta gaba, ka sake takawa ka shiga. Idan saukowa za ka yi, a firi za ka ɗan taka totur juyin ya hau. Wanda ya san cewa kowace giya tana sauke masa juyi kaza, giyarsa za ta shiga shiru kamar wuƙa a kube. Wanda bai sani ba kuwa duk unguwa za ta ji karon haƙora. Kuma a irin waɗannan motocin ba a taka kuloci har ƙasa ana tafiya, saboda akwai ɗan burki a ƙarshen takun wanda aka yi shi don shiga giya daga tsaye kawai.

Mai Koyon Tirela ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam, na gode Baba. Na zauna da takarda na bi lissafin, na ninka kowace giyar hai da 4.57, sai ga giyoyin lo suna fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda suke a littafin. Saura abu ɗaya da ya tsaya mini. Wani abokin koyona yana tuƙa mota mai giyabos iri ɗaya da namu, amma nasa jadawalin ya fara daga 13.80 ya ƙare a 0.84. Yana cewa tasa ta fi tamu gudu da sauƙin mai tunda giyarsa ta ƙarshe ta wuce 1.00, ni kuma na ce tamu ta fi tasa ƙarfin ja tunda ta fara daga 16.41. A cikinmu wa ke da gaskiya?

Injiniyan Motoci ya amsa:

Ɗan'uwa, da kai da abokinka kun yi hukunci kafin ku ji shaida ta biyu, wato rashiyon aksul. Lamba 0.84 tana nufin farfela ta fi inji saurin juyi, abin da za mu iya kira giyar zarce, amma taya ba ta san abin da ya faru a giyabos ba, jimillar ragin kawai take gani. Idan aksul ɗin abokinka 3.70 ne, ninka shi da 0.84 ka sami 3.11, wanda kusan daidai yake da naka 1.00 sau 3.08. A giya ta farko shi yana da 13.80 sau 3.70, wato kimanin 51, kai kana da 50.5. Idan haka lamarin yake, motocinku tagwaye ne a gudu da ƙarfin ja, musun kuma ya faɗi. Sai idan aksul ɗinku iri ɗaya ne maganar kowannenku za ta zama gaskiya a ɓangarenta. Ku duba ƙaramin allon ƙarfe da ke jikin aksul ko takardun motar kafin ku ci gaba.

Duk da haka akwai bambanci na gaske, ko da jimillar ta zo ɗaya. A motarka giya ta ƙarshe ita ce ta kai tsaye, wadda ƙarfi ba ya ratsa haƙora a cikinta, saboda haka asarar gogayya ta fi ƙanƙanta a daidai giyar da motar doguwar tafiya ta fi daɗewa a ciki. Wannan ne ya sa masu kera motocin dogon zango suke son haɗa giyabos na kai tsaye da aksul mai ƙaramar lamba. A motar abokinka giya ta ƙarshe tana ratsa haƙora, tana ɗan cin wani abu, amma farfelarsa tana juyi da sauri da ƙarancin murɗawa, wanda ke sauƙaƙa wa farfela da mahaɗanta, kuma wannan ya fi dacewa da motar da ke yawan tashi da kaya mai nauyi ko aiki a mummunar hanya. Tifa da motocin aikin gini sukan wuce nan ma, a sa musu wani ragin a cikin cibiyar taya, jimillar aksul ta kai 4 ko 5 ko fiye. Ni a ganina tambayar wanne ya fi ba ta da amsa sai an faɗi aikin da motar za ta yi. Misali, mai giya 18 na Eaton Fuller da aka fi sani yana farawa daga 14.40 ya ƙare a 0.73, faɗin da ya kusa ninki 20, kuma an yi shi ne don masu jan kaya mai tsananin nauyi da ke buƙatar rarrafe da gudu a mota ɗaya. Wanda ke jan kaya marar nauyi a miƙaƙƙiyar hanya ba zai taɓa amfani da rabin abin da ya saya ba.

Ina so in sa lamba a kan labarin da Baba ya bayar, domin abin ya fi yadda ake zato muni. Kuloci yana sulɓi ne daga lokacin da ka fara sakinsa har gudun mota ya kamo juyin inji. Idan inji yana juyi 600, a giya mai 16.41 sulɓin zai ƙare da zarar motar ta kai kilomita 2.4 a awa. A giya ta uku, wato gurbin sanda na uku da rabin giya na ƙasa, mai 7.76, sai ta kai kilomita 5. Zafin da faifan kuloci ke sha ba ya bin gudun kai tsaye, yana bin gudun ne idan aka ninka shi da kansa, saboda haka ninka gudu sau biyu da ɗoriya yana nufin zafi fiye da ninki huɗu, a shimfiɗaɗɗiyar hanya ma ke nan. A kan tudu, inda nauyi ke ja baya duk tsawon lokacin sulɓin, lissafin ya fi haka tsanani.

Malamin Kanikanci ya ƙara da cewa:

Injiniya ya warware musun. Abin da ban ga an taɓa ba shi ne cewa rashiyo yana aiki ta fuska biyu, kuma mai koyo ya fi buƙatar sanin fuska ta biyu. Yadda ƙaramar giya ke ninka ƙarfin inji zuwa taya, haka take ninka riƙon da inji ke yi wa taya a gangara. Burkin inji ko na salansa ya fi kamawa idan juyin inji yana sama, don haka ana zaɓen giyar gangara tun daga kan tudu, wadda za ta riƙe motar allura tana kusa da saman iyakarta ba tare da ta shiga ja ba, a bar burkin ƙafa yana hutawa don kada ya yi zafi ya daina kamawa. Sa mota a firi a gangara yana raba ta da wannan riƙon gaba ɗaya, yana rage saurin kwamfireso a lokacin da burki ke shan iska, kuma idan gudu ya ƙaru giyar da kake so ka koma ba za ta karɓe ka ba.

Haɗari mafi girma a giyabos irin naka shi ne shiga lo alhali mota tana gudu, tunda gurbi ɗaya ne na giya ta farko da ta biyar. Yi lissafin da kanka: a kilomita 40 a awa taya tana juyi kusan 200 a minti, farfela kimanin 620, kuma idan sandar ta shiga 16.41 a maimakon 3.59, tayoyin za su tilasta wa shaf na shiga juyi sama da 10,000. Taka kuloci ba zai cece ka ba, domin faifan kuloci a jikin wannan shaf ɗin yake, zai iya tarwatsewa tun kafin ka ɗaga ƙafa, idan kuma ka ɗaga, injin ne zai karɓi dukan. Masu kera motocin sun sa makulli mai hana lo shiga a gudu mai yawa, amma makullin yana lalacewa kamar kowane abu, kuma na sha buɗe giyabos na tarar wani ya cire shi saboda ya dame shi. Ka saba da duba matsayin maɓallin gaba da yatsa kafin sandar ta ratsa firi, domin a daidai wannan ratsawar ce iska ke canja sashen, kuma kada ka nemi lo sai gudunka ya sauko ƙasa da abin da giya mafi girma ta lo za ta iya ɗauka, wanda a motarka bai wuce kilomita 25 a awa ba sosai. Littafin motar yana da ainihin adadin, ka neme shi a shafin da ke bayan jadawalin da ka riga ka karanta.